Kafin Su Shiga Daji: Ƙananan Kayan Da Mafarauta Ke Mantawa A Gida

Da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, uwar da ke da mafarauci a gida ta san abin da ke tafe. Za ki ji ana wasa adda a zaure, karnuka na haushi, samari na shige da fice suna maganar ranar fita. Wasu sammako suke yi su dawo da magariba, wasu kuwa sai su kwashe makonni a daji.

Ba a taɓa jin mafarauci ya manta addarsa, ko gorarsa, ko bindigarsa ba. Abin da yake mantawa shi ne ƙananan kayan da ba su kashe zomo, amma su ke dawo da mutum gida lafiya. A daji babu kanti, babu kemis, kuma Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A nan ne aikin uwa da uwargida yake: ki haɗa masa 'yar jaka guda, ki sa masa ita a burgami da hannunki.

Takardun shaida

A ƙarshen watan Maris na 2025, an tare wata babbar mota a garin Uromi na jihar Edo, ɗauke da mafarauta da suka taso daga jihar Ribas za su Kano yin ƙaramar Salla. Da aka ga bindigogin toka a motar, sai aka yi musu ƙazafin garkuwa da mutane, aka kashe 16 daga cikinsu. Laifin yana kan waɗanda suka ɗauki doka a hannunsu, kuma takarda ba ta tare mai mugun nufi. Sai dai abin ya nuna irin kallon da ake yi wa baƙo mai makami a wannan zamani.

Don haka kada ya fita babu katin ɗan ƙasa, da katin ƙungiyarsu ta mafarauta, da lasisin bindiga in yana riƙe da ita. Ki ɗaure su a leda saboda gumi da raɓa, ki kuma ɗauki hotonsu da wayarki ki adana. Ki tuna masa cewa in sun isa wani gari, su fara gabatar da kansu ga mai gari da jami'an tsaro. Haka nan akwai dazuzzukan da doka ta hana farauta a cikinsu, irin su Yankari a Bauchi da Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa.

Ki ƙara da 'yar takarda mai ɗauke da sunansa, da garinsu, da lambobin waya biyu na gida. Waya kan mutu ko ta faɗi, kuma ba kowa ya haddace lambar mahaifiyarsa ba.

Ruwa, gishiri da sukari

Kowa na tunawa da guzuri: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino. Ruwa ne ake rainawa, a ce ai za a samu a hanya. Ruwan da ake samu a daji da rani na tafki ne ko kududdufi, wanda dabbobi ke sha suna kashi a ciki, kuma gudawa kan kwantar da ƙato cikin yini guda. Ki ba shi jarkarsa ta kansa, da ƙaramar tukunya, da tsumma mai tsabta na tacewa. A tace, a ɗora a wuta, a bari ya tafasa sosai na aƙalla minti ɗaya.

Ki sa masa ƙullin ORS biyar ko shida daga kemis. In sun ƙare, ga haɗin gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata, da sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin. Ki rubuta masa awon, ki haɗa da cokalin. Abin da ya kwana ya yini ba a shanye ba, a zubar a haɗa sabo.

Ƙafa da maciji

Yawancin saran maciji a ƙafa ko hannu yake, amma sai ki ga saurayi ya nufi daji da silifa. Takalmi rufaffe da ya haura idon sawu, da safa mai kauri, da dogon wando, sun fi kowane magani. Ki haɗa da matsefata ta cire ƙaya, da bandeji, da filasta, da aidin.

Kububuwa ƙarama ce, amma tana cikin macizan da suka fi kisa a yankinmu. Dafinta na hana jini daskarewa, ga shi mutum kan ji kamar lafiyarsa lau da farko, sai daga baya jini ya ɓalle ta dasashi ko fitsari. Ki nanata masa: ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau da igiya. A cire zobe da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaura kara don kada gaɓar ta motsa, a ɗauki mutum a kai asibiti, kada a bar shi ya taka. Allurar kashe dafi ce maganin, irin wadda ake yi a asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe.

Maganin ciwon jiki da za ki saka masa ya zama farasitamol. Asfirin da ibuprofen da diclofenac na ƙara zubar jini ga wanda maciji ya sara. In kuwa gamsheƙa ta tofa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, kada a murza.

Wanda ke shan maganin hawan jini, ko asma, ko farfaɗiya, ki ƙirga masa na kwanakin tafiya, ki ƙara na mako guda. Ba kasafai ake dawowa ranar da aka ambata ba.

Dare

Mai fita da rana tsaka ba ya tuna sanyin asubar hunturu. Rigar sanyi, da hular sanyi, da ƙaramin bargo ba su da nauyi. Gidan sauro ma yana shiga jaka, musamman in za su kwana kusa da fadama. Ki duba tocila ki sa batir na ƙari, ashana kuma a ɗaure ta a leda. Ki cika masa fawa bank, ki sa masa kati, ki kuma gaya masa lambar gaggawa ta 112. Sannan ga usur, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Wanda ya rabu da ayari, muryarsa na dishewa da wuri, amma ƙarar usur na kai wa nesa.

Karnuka da nama

Ki tambaya ko an yi wa karnukan allurar rigakafin haukan kare a asibitin dabbobi. Ciwon ba ya warkewa in alamunsa suka bayyana. Shi ya sa sabulu ke cikin jerin nan: duk wanda kare ko dila ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a garzaya asibiti don allura, ko da cizon bai yi zurfi ba.

Sabulun zai yi amfani bayan fiɗa kuma. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ya fi yaɗuwa da rani, kuma daga fitsari da kashin ɓera ake ɗaukarsa. Kama ɓeraye da gyara su da hannu hanya ce ta kamuwa. Ki sa masa safar hannu ta roba, da mazubi mai murfi na guzuri. In ya yi zazzaɓi cikin makonni uku da dawowarsa, musamman wanda bai ji maganin maleriya ba, ki kai shi asibiti, ki faɗa wa likita cewa daga daji yake.

Abin da za a bar miki

Abu na ƙarshe ba a jaka yake shiga ba. Kafin ya fita, ki san wane daji za su, ta wace hanya, wa ke jagorantar ayarin, mece ce lambarsa, kuma yaushe za su dawo. Ku yi alkawarin ranar da in ba ki ji shi ba, za ki sanar da mai unguwa da sarkin dawa. In dajin na cikin waɗanda 'yan bindiga suka mamaye, wannan ba maganar haɗa kaya ba ce, maganar hanawa ce. Haka in yaro ne ƙarami da ke son bin yayyensa ba tare da babban da zai kula da shi ba.

Wataƙila ya yi dariya ya ce, "Haba Umma, sai ka ce mai tafiya Makka!" Ki bar shi ya yi dariyarsa, ki zuge jakar ki miƙa masa. Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya.