Shayin Sin Mai Shekaru: Dakata Kafin Ki Zuba Kuɗin Adashinki

Uwargida, kin san yadda ake daddawa: a dafa kalwa, a rufe ta kwanaki har ta nuna ta yi ƙamshi. Kusan haka mutanen lardin Yunnan na ƙasar Sin suke yi wa wani ganyen shayi mai suna Pu'er. Sukan turara shi, su danne shi ya zama kamar faifai mai nauyin giram 357, su ajiye shi shekaru, ɗacinsa na raguwa, kuɗinsa na hawa. Akwai masu tara shi kamar yadda iyayenmu suke tara kwanukan jere.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, wata maƙwabciyata ce a nan Anka aka turo wa hotonsa ta WhatsApp. Wai shekararsa 20, yana sauke tumbi, in ta ajiye kuma zai yi daraja kamar gwal. Saura ƙiris ta tura kuɗin adashinta.

Ki sani, shekarun da aka rubuta a takarda ba shaida ba ne, jabunsa ya yi yawa har a can gidansa. Tun 1973 aka gano dabarar jiƙa ganyen a tara shi tsibi, cikin 'yan makonni ya yi duhu kamar tsoho. A 2007 kuma farashinsa ya faɗi warwas, waɗanda suka tara don riba suka tafka asara.

Ko kin dace da na gaske, ina za ki ajiye shi? Hunturunmu ya busar da shi, damina ta sa ya yi fumfuna, ga shi da zuƙar wari: turaren wutarki da hayaƙin murhu duk sai ya kwashe. In kina sha'awa, sayi ɗan kaɗan ki ɗanɗana tukuna. Mai kyau ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi yake yi. Wanda kika ga kore ko baƙin fumfuna a jikinsa, zubar da shi.

Batun tumbi, ni dai ban taɓa ganin wadda shayi kaɗai ya ramar ba. Abin da na fi gani a wurin awo shi ne ƙarancin jini, shayi kuwa yana rage wa jiki zuƙar sinadarin da ke gina jini. In kina da juna biyu, kada ki kora maganin ƙarin jini da shi, ki bar aƙalla awa ɗaya tsakani. Maƙwabciyar tawa dai tunkiya ta saya.