Rigakafin Mai Ciki Domin Kare Jariri Daga Cutar RSV

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana dalilin da ya sa ake yi wa uwa allura, alhali jaririnta ake son karewa. RSV ƙwayar cuta ce mai kumbura ƙananan hanyoyin iska na huhu, har numfashi ya gagari jariri. An ƙiyasta cewa a 2019 ta halaka yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 100,000, kusan rabinsu ba su cika wata 6 ba.

An taɓa gwada yi wa jarirai allurar a Amurka cikin shekarun 1960, amma cutar ta fi tsananta ga waɗanda aka yi wa, har biyu suka rasu. Daga baya masana suka juya ga uwa. In an yi mata, jikinta yakan samar da sinadaran kariya, su ratsa mabiyiya zuwa jinin ɗan tayi, a haife shi da garkuwarsa.

A 2023 Amurka ta amince da allurar Abrysvo tsakanin mako 32 da 36 na ciki. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi ta tun daga mako 28.

Sai dai kariyar tana bukatar aƙalla mako 2 kafin haihuwa. Don haka muna ganin nasarar allurar ta rataya ne a kan zuwa awon ciki da wuri, domin matar da ba ta je asibiti ba sai ranar naƙuda, damar ta riga ta wuce jaririnta.