Carlos Santana: Makaɗin da Jitarsa Ke Waƙa

A yawancin ƙungiyoyin kiɗa mawaƙi ne a gaba. Shi ake sani, sunansa ake kira, makaɗa kuwa suna bayansa. Ƙungiyar Santana ta saɓa wa wannan al'ada. Sama da shekara 50 ke nan mawaƙa suna shiga suna fita a cikinta, wasu ma an manta da sunayensu, amma duk wanda kunnensa ya saba, da jita ta yi kuka sau ɗaya ya san hannun Carlos Santana ne. Ba kasafai yake buɗe baki ya rera ba. Jitar ce take yi masa waƙar.

An haife shi ranar 20 ga Yuli, 1947, a Autlán de Navarro, wani ƙaramin gari a jihar Jalisco ta ƙasar Meziko. Kiɗa gado ne a wurinsa. Mahaifinsa, José Santana, makaɗin biyolin ne, wato gogen Turawa, a cikin masu kiɗan mariyaci, waɗanda ake gayyata bukukuwa da taruka a ƙasar. Uban ya ɗora wa yaron biyolin tun yana ɗan shekara 5, kuma wajen shekara 8 ya fara taɓa jita. Duk da ya ajiye biyolin daga baya, sautinta bai fita daga kunnensa ba. Mai goge, muddin yana goga tsirkiya, sauti ba ya yankewa; mai molo kuwa da ya taɓa tsirkiya sautin ya fara mutuwa. Jita 'yar gidan molo ce a wannan fanni, amma Santana ya shafe rayuwarsa yana neman yadda za ta ja sauti ya yi tsawo kamar na goge.

A tsakiyar shekarun 1950 iyalin suka koma Tijuana, birnin da ke bakin iyakar Amurka. A can ya haɗu da wani matashin makaɗi, Javier Bátiz, wanda ya buɗe masa ido a kan kiɗan blues na baƙaƙen fatar Amurka, irin na B.B. King da John Lee Hooker. Tun bai gama balaga ba yake kaɗa jita a gidajen rawa na birnin har tsakar dare don samun abin sawa a baki. Wannan makaranta ce mai tsauri: idan kiɗanka bai tayar da mutane tsaye ba, gobe wani ne a wurinka.

Daga nan sai San Francisco a farkon shekarun 1960. Ya kammala makarantar sakandare ta Mission a 1965, ya yi wankin kwanuka a gidan abinci, sannan a 1966 suka kafa Santana Blues Band tare da Gregg Rolie mai kaɗa ogan kuma mawaƙi, da David Brown mai jitar bas. Da a ce blues kaɗai suka tsaya, da sun ɓace cikin ɗimbin ƙungiyoyin da suka cika birnin a lokacin. Abin da ya fitar da su daban shi ne ganguna. Suka shigo da conga, dogayen gangunan Kyuba da ake kaɗawa da tafin hannu, a hannun Michael Carabello, da timbales, tagwayen ganguna masu jikin ƙarfe da ake bugawa da 'yan sanduna, a hannun José Areas, mutumin Nikaraguwa wanda ake yi wa laƙabi da Chepito.

A nan ne salon da ake kira Latin rock ya samu kamanninsa, kuma ya kamata a fahimci yadda yake aiki. Kiɗan rock na yau da kullum yana tafiya a kan bugu huɗu, ana ƙarfafa na biyu da na huɗu. Kiɗan Kyuba kuwa an gina shi a kan wani tsari mai suna clave: bugu biyar, uku a gefe ɗaya, biyu a ɗayan, waɗanda ba sa faɗawa daidai inda ƙafa take tsammani. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma da yankin Kongo su suka ƙetare teku da tushen wannan tsari. Idan aka haɗa su biyun, gangar rock tana takawa sannu, conga da timbales suna zarya a tsakani, sai jita ta zo a sama tana jan dogon sauti ba tare da gaggawa ba. Ƙasa tana tafasa, sama a natse. A ganina wannan saɓani shi ne ƙashin bayan kiɗan Santana gaba ɗaya.

Yadda yake samun dogon sautin ma abin lura ne. Yakan ɗaga ƙarar na'urar ƙara sauti, ya tsaya a wani wuri da ya auna tun kafin wasa, inda sautin da ke fitowa daga lasifika zai dawo ya riƙa girgiza tsirkiyar da ya danne. Sai ya lanƙwasa tsirkiyar da yatsa, ya runtse ido, ya ɗaga fuska sama, sauti ɗaya tal ya yi ta tafiya har mai sauraro ya riƙe numfashi. Makaɗa da yawa sun fi shi saurin yatsu. Kaɗan ne suka kai shi haƙurin barin sauti ɗaya ya gama faɗin abin da ke bakinsa.

Duniya ta san ƙungiyar ranar 16 ga Agusta, 1969, a bikin kiɗa na Woodstock a jihar New York, gaban mutane kimanin 400,000. A lokacin ko faifai ɗaya ba su fitar ba. Bill Graham, mai gidan wasa na Fillmore, shi ya tsaya musu har aka sa sunansu. Kiɗan "Soul Sacrifice" da suka yi, wanda Michael Shrieve ɗan shekara 20 ya yi bajinta a kan ganguna, ya shiga fim ɗin bikin, ya zaga duniya. A cikin watan ne faifansu na farko ya fito.

A wannan faifai akwai abin da ya shafi Nijeriya kai tsaye. Kiɗan "Jingo" asalinsa na Babatunde Olatunji ne, makaɗin ganga ɗan Ajido kusa da Badagry, wanda ya tafi Amurka karatu a 1950, ya kuma yi suna da faifansa Drums of Passion. Santana ya ɗauki bugun Olatunji ya ɗora masa jita da ogan. Bai kuma taɓa ɓoye cewa Afirka ce tushen kiɗansa ba. Ranar 6 ga Maris, 1971, ranar murnar 'yancin Ghana, ƙungiyar ta yi wasa a Accra a bikin Soul to Soul, tare da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner.

Faifai na biyu, Abraxas na 1970, shi ne wanda masu nazari da dama suke ɗauka a matsayin ƙololuwar aikinsu. A ciki akwai "Black Magic Woman" ta Peter Green, da "Oye Como Va" ta Tito Puente, da "Samba Pa Ti", wadda babu kalma ko ɗaya a cikinta, amma mutane suna bin ta da baki kamar waƙa. Suna ya zo da nasa nauyin. Miyagun ƙwayoyi da saɓani suka raba kan 'yan ƙungiyar, shi kuma Carlos zuciyarsa ta karkata ga kiɗan jazz na John Coltrane da Miles Davis. A 1972 ya fitar da Caravanserai, faifai mai zurfi wanda bai dace da gidajen rediyon kasuwa ba. Rolie da matashin makaɗin jita Neal Schon suka fice suka kafa ƙungiyar Journey. Shi kuwa ya bi wani malamin tsarkake zuciya ɗan Indiya, Sri Chinmoy, ya yi faifai da makaɗi John McLaughlin a 1973, da makaɗiya Alice Coltrane a 1974. Kasuwarsa ta ja baya, amma a shekarun nan ne ya fitar da kiɗan "Europa" a 1976.

Ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 sun wuce ba wani tashe, ko da yake bai daina yawon wasa ba. A 1998 aka shigar da ƙungiyar cikin Rock and Roll Hall of Fame, abin da akan yi wa waɗanda ake ganin zamaninsu ya wuce. Shekara guda bayan haka, yana dab da cika shekara 52, ya sake haɗuwa da Clive Davis, wanda ya shugabanci kamfanin Columbia a zamanin faifansa na farko, suka yi faifan Supernatural. Dabarar ita ce a gayyato mawaƙan zamani, kowa ya rera tasa, jita tana amsa musu. "Smooth" da Rob Thomas ya rera ta yi mako 12 a saman jadawalin Billboard, "Maria Maria" ta yi mako 10. A watan Fabrairu na 2000 Santana ya karɓi lambar Grammy 8 a dare ɗaya, ya kamo tarihin da Michael Jackson ya kafa a 1984.

Wasu tsofaffin masoyansa sun ce faifan ya cika neman kasuwa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, musamman a fayafayan da suka biyo baya a kan wannan tsari. Amma matasan da ba a haife su ba lokacin Woodstock ta wannan ƙofa suka shigo suka san shi. Bai kuma bar dukiyar a aljihu ba: gidauniyar Milagro da ya kafa a 1998 tare da matarsa ta farko, Deborah, tana tallafa wa yara marasa galihu a fannin ilimi da lafiya. A 2010 ya auri Cindy Blackman, gwanar ganguna da ke kaɗa masa a ƙungiya, sannan a 2019 ya fitar da Africa Speaks tare da mawaƙiya Buika, 'yar Sifaniya wadda iyayenta suka fito daga Equatorial Guinea.

Mai karatu da yake son sanin wannan makaɗi da kunnensa, ya fara da Abraxas daga farko har ƙarshe, sannan ya nemi Caravanserai. Waɗannan biyu sun fi Supernatural nuna ko wane ne Santana.