Kifin Duwatsun Malawi A Ɗakunan Fagge Da Sabon Gari

Duk wanda ya saba cin karfasar Tiga ko ta Bagauda ya san dangin kifin da ake kira mbuna, domin kakansu ɗaya. Bambancin shi ne mbuna ƙanana ne masu launi, ba su cika wuce santimita 12 ba, kuma mazauninsu na asali shi ne tsakanin duwatsun Tafkin Malawi, wanda hukumar UNESCO ta sanya wani yanki nasa cikin wuraren tarihi na duniya a 1984.

Ma'aikaci ko ɗalibi da ke son kiwonsu a akwatin gilashi a Fagge ko Sabon Gari, wajibi ne ya kwaikwayi wancan mazauni. Akwatin ya ɗauki aƙalla lita 200, a jera duwatsu masu kogo a ciki, saboda namiji ba ya ƙyale wani ya kusanci wurinsa. Namiji ɗaya da mata uku ko huɗu yakan rage faɗa. Abincinsu gansakuka ne, don haka yawan nama yakan kumbura musu ciki har su mutu.

Babbar jarrabawa ita ce yanayin Kano. Kifin yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28. Daren hunturu yakan sanyaya ruwan ƙasa da haka, zafin Afrilu kuwa yakan hau da shi. Idan wuta ta ɗauke, injin hura iska ya tsaya, kifi na iya shaƙewa cikin sa'o'i kaɗan. Shi ya sa ƙaramin injin batir ya zama tilas. Ruwan famfo kuma sai ya kwana a buɗe, sinadarin kulorin ya fita, kafin a zuba.

Wajen haihuwa, macen takan kwashe ƙwai cikin bakinta, kamar karfasa, ta yi kusan mako 3 ba ta cin abinci. A wannan lokaci gara a ware ta, don namiji kada ya matsa mata ta zubar.

In 'ya'ya suka yi yawa, a raba wa masu sha'awa. Kada a zuba su a Kogin Jakara: dattin ruwan zai kashe su, sakin baƙon kifi a kogi kuwa ɗabi'a ce da ta sha jawo wa kifin gida hasara a ƙasashe da dama.