Gandu da Gadon Gona a Ƙasar Zakirai

Gabatarwa

A Turai akwai gidajen da sunansu ya haɗe da na gonarsu har ba a iya raba su. Alal misali, zuriyar Ricasoli ta yankin Toskana a Italiya tana riƙe da gandun Brolio tun shekarar 1141, tana noman inabi ana sarrafa shi ya zama giya. Addini da yanayin ƙasa sun bambanta manomin Kano da na can, amma tambaya guda ta haɗa su: me yake sa gona ta daɗe a hannun gida ɗaya ba ta mutu ba? Manufar wannan maƙala ita ce duba amsar a ƙasar Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, arewa maso gabas da birnin Kano.

Ma'anar Gandu

Kalmar gandu tana ɗauke da ma'ana biyu. Ta farko ita ce babbar gonar sarauta, irin ta Fanisau, wadda bayi suka noma wa sarakunan Kano a ƙarni na 19. Ta biyu, wadda ta shafi talaka, ita ce yarjejeniyar da ke tsakanin maigida da 'ya'yansa ko ƙannensa magidanta. Su suna yi masa aiki a gonar gida daga safe zuwa azahar, shi kuwa ya ciyar da su da iyalinsu, ya ba su fartanya da garma, ya yi musu auren fari, a da kuma ya biya musu haraji. Kowane ɗa yana da gayaunarsa wadda yake nomawa da yamma, amfaninta kuwa nasa ne. Polly Hill ta yi nazarin wannan tsari a Batagarawa ta Katsina da Ɗorayi ta Kano, littattafanta suka fito a 1972 da 1977.

Yadda Ake Raya Ƙasa

Zakirai tana cikin karkarar Kano mai cunkoson jama'a, wadda Michael Mortimore ya fara nazarinta tun shekarun 1960. A irin wannan wuri babu filin da za a bari saura don ya huta. Kowace gona ana nomata duk damina. Abin da ya hana ta gajiya dabara ce mai zagaye. Ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya. Bayan kaka a kwashe harawa da kara a ciyar da tumaki da awaki, waɗanda ake ɗaurewa a turke da damina. Da bazara kuma a ɗora kashinsu da tokar murhu da sharar gida a mangala, jaki ya kai gona.

Haka kuma itatuwa suna da nasu aiki. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ɗorawa tana ba da kalwar daddawa, kuka ta ba da miya, tsamiya ta shiga kunu. Wanda ya bar tsiron ɗorawa ya girma, galibi jikansa ne zai fi cin moriyarta. Ashe ke nan abin da ake gada ba fili kaɗai ba ne, har da takin shekaru da itatuwan da magabata suka raina.

Abubuwan da Suka Girgiza Gandu

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta buɗe kasuwar gyaɗa, saurayi ya sami kuɗin kansa daga gayauna. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 suka karya wannan noma, matasa suka ƙara yawan cin rani. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, wanda ya sauƙaƙa wa talaka, amma ya kuma cire ɗaya daga cikin igiyoyin da ke ɗaure ɗa ga ubansa. Bugu da ƙari, rabon gado bisa shari'a yana bai wa kowane magaji haƙƙinsa, don haka gonar da ta ciyar da gida guda sai ta koma 'yan ƙananan yankuna idan magada suka zaɓi a yanka maimakon su ci gaba da noma tare.

Kammalawa

Gandun Italiya ya daɗe ne domin an tsare shi dunƙule, ga sunan da ke sayar da amfaninsa. Na Zakirai kuwa ƙarfinsa yana ga hannuwan da ke kai taki. Ana iya raba fili da igiya a yini ɗaya, amma idan dabbobi suka ƙare a turke, aka sare gawo aka kai kasuwar itace, magaji zai karɓi rairayi ne kawai da sunan gona.