Wa ke biya idan dabba ta mutu?

Idan saniya ta kwanta ciwo a rugagen Kangire ko na Gwaram a jihar Jigawa, abin da aka saba shi ne a yi maza a sa mata wuƙa kafin rai ya fita, a kira mahauci ya saya a wulaƙance, maƙwabta su ce Allah ya mayar da alheri. Ba kasafai ake tuna gwamnati ba, domin diyyarta tana da ƙa'idar da yawancin makiyaya ba su taɓa jin bayaninta ba.

Gwamnati kan biya diyya ne a kan dabbar da ita ta ba da umarnin kashewa don tare annoba. An ga haka a 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a gonar Sambawa da ke Jaji a jihar Kaduna, ta bazu zuwa Kano da wasu jihohi. Mai gona zai kai rahoto, likitocin dabbobi su ɗebi samfuri su aika cibiyar bincike ta Vom a jihar Filato. In an tabbatar da cutar, sai a ƙirga kajin da suka rage, a kashe su, a binne, a rubuta adadin. A kan wannan adadi aka biya naira 250 kowace kaza. Waɗanda suka mutu kafin jami'ai su iso ba su shiga lissafi ba.

Abin da gwamnati ke nema da wannan kuɗi shi ne a riƙa gaya mata gaskiya da wuri. To amma naira 250 ba ta kai farashin kasuwa ba, sai mutane da dama suka gwammace su sayar da kajinsu a ɓoye, cutar ta bi su har kasuwa. Dole daga baya aka ƙara kuɗin. Ni a ganina, diyyar da ba ta kai abin da mahauci zai bayar ba, ba za ta hana kowa ɓoye ciwon huhu a garkensa ba.

Akwai kuma inshora. Tun 1987 aka kafa hukumar inshorar aikin gona ta NAIC, inda gwamnati ke ɗaukar rabin kuɗin da ake zubawa. Sai dai tana son a san kowace dabba tun tana raye, kuma likita ya shaida abin da ya kashe ta. Mai gidan gona da ya ci bashin banki yana iya cika wannan sharaɗi. Bafulatanin da ke tafiya cin rani da shanu arba'in, waɗanda ya san su da suna da launi amma ba ya da su a takarda, da wuya ya cika.

Ambaliya irin wadda ta cinye Jigawa a 2022 kuwa, abin da ke biyo bayanta tallafi ne daga hukumomin agajin gaggawa: hatsi, tabarmi, kwanon rufi. Ba wanda ke auna shi da kuɗin akuyar da ruwa ya tafi da ita.

A Amurka gwamnati na biyan makiyayi kashi 75 cikin ɗari na farashin dabbar da bala'in yanayi ya kashe, amma sai ya nuna rubutacciyar shaidar garkensa. Ma'aikatar bunƙasa kiwo da aka kafa a Abuja a 2024 za ta iya fara tara irin wannan shaida a lokacin allurar rigakafi, tunda ranar ce ardo ke tara shanun ruga a gaban malamin dabbobi.