Mace da Mallakar Gona ko Gida: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan kuna zaune a Fagge ko Sabon Gari a Kano, kuna iya ɗauka maganar gona ta mutanen karkara ce. Sai dai da yawanmu tushenmu na ƙauye. Akwai matan da mahaifinsu ya rasu shekara da shekaru, gonar gado tana hannun yayyensu maza, su kuwa sai ɗan buhun gero da ake aiko musu bayan kaka. Irin wannan ne ya sa matan karkara suka fara haɗa kai don neman haƙƙinsu.

Daga ina fafutukar ta taso?

A ƙasar Hausa an saba maigida ya yanka wa matarsa gayauna, wato ɗan yanki daga gonar gandu, ta noma abin da take so. Amma aro ne. In aure ya mutu, ko miji ya rasu, ko gonar ta yi wa iyali kaɗan, nata yankin ake fara karɓewa.

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, inda mata ke zuba adashi suna ranta wa juna. Da asusu ya yi ƙarfi, wasu ƙungiyoyin suka shiga karɓar hayar gona ko sayenta. A Kano, Hajiya Salamatu Garba ta kafa ƙungiyar WOFAN a 1993 don tallafa wa mata manoma. A watan Oktoba na 2016 kuma matan karkara daga ƙasashen Afirka da dama suka hallara a Arusha ta Tanzaniya, wasunsu suka hau dutsen Kilimanjaro, suka fitar da takardar buƙatu ga Tarayyar Afirka kan mallakar ƙasa.

Shin wannan bai saɓa wa addini ba?

Ko kaɗan. Aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i sun fayyace rabon kowa. 'Ya mace tana samun rabin abin da ɗan'uwanta namiji ya samu. In ita kaɗai ce babu ɗa namiji, rabin dukiyar nata ne. In su biyu ne ko fiye, kashi biyu cikin uku. Matar mamaci tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, in ya bar 'ya'ya. In bai bari ba, tana da rubu'i, kashi ɗaya cikin huɗu. Gona da gida duk suna cikin abin da ake rabawa. Matsalar tana zuwa ne idan aka ƙi raba gado da sunan riƙe zumunci, ko aka ba mace kuɗi kaɗan aka ce ta bar wa maza ƙasa ba da yardarta ba.

Wadda ba Musulma ba fa?

Wannan ya shafi iyalai da yawa a Sabon Gari. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda jinsi, sashe na 43 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin Najeriya. A 2014, a shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta.

Wa ke ba da takardar mallaka?

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kuke mallaka shi ne izinin zama da amfani, galibi na shekara 99 ga gidan zama. A birni gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da satifiket, kuma a Kano hukumar KANGIS ce ke ajiye bayanan filaye. Gonar karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izininta. Dokar ba ta ce sai namiji ba, don haka mace na iya sa sunanta ita kaɗai.

Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu tana da amfani, ku adana ta, amma ba ta kai satifiket ƙarfi a gaban kotu ko banki ba.

Me za a kashe?

Akwai kuɗin fom, kuɗin awon fili, kuɗin rajista da harajin ƙasa na shekara-shekara. Adadin ya danganta da girman wuri da unguwar da yake, kuma yana sauyawa, saboda haka ku tambaya a ofishin hukuma da kanku, ku karɓi rasit a kan duk abin da kuka biya. Ku yi hattara da 'yan kamasho masu cewa za su fito muku da takarda ta bayan fage.

Ina za a kai kuka?

A fara da sulhu a gida, gaban dattawa da malamin da ya san ilmin rabon gado. In abin ya ci tura, Hukumar Hisbah tana sasanta irin wannan rikici, kotun shari'ar Musulunci kuma tana raba gado ta ba kowa takardar rabonsa. Wadda ba Musulma ba takan nufi babbar kotun jiha. Mai ƙaramin ƙarfi na iya neman taimakon ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, ko WRAPA mai kare haƙƙin mata.

'Yar'uwa, neman rabonki ba rashin kunya ba ne. Ki nemi a raba, a auna, a rubuta da sunanki. Ku kuma 'yan'uwa maza da ke riƙe da gonar gado, ku raba ta tun shaidu suna raye, kada ku bar wa 'ya'yanku shari'a.